Farin Dutsen Gidan Taliya

Ranar Asabar mutanen Tungar Lebura suka wayi gari an sace musu tarihi.

Ba dukansa ba. Ginin yana nan bisa tudunsa, da hasumiyarsa mai haƙora da 'yan tagoginsa masu kama da kafar harbi, yana kallon ruwan madatsa kamar yadda ya saba. Abin da ya ɓace shi ne farin dutsen da ke manne a saman ƙofa, mai faɗin ƙaramin tebur, mai santsi, mai sanyi ko a tsakiyar bazara. An sassaƙa hoton hasumiya a fuskarsa da wasu haruffan boko a ƙasa. Inda yake a da, yanzu sai rami kamar giɓin haƙori.

Gidan Taliya ake kiran wurin. Duk wanda ya haura shekara hamsin a Tunga ya san asalinsa. Wani injiniya ne ɗan Italiya, cikin waɗanda suka zo aikin madatsar Bakolori, kewar gida ta dame shi, ya sa leburori suka tara masa duwatsu suka gina masa kwaikwayon tsohuwar fadar da ke ƙauyensu. Da aiki ya ƙare ya koma ƙasarsu, ya bar wa jemagu gado. Sai dai tarihi kamar daddawa yake, kwana yana ƙara masa ƙarfi. Tun da Zubairu, wanda ya yi wa Baturen boyi a ƙuruciyarsa, ya naɗa kansa mai zagayawa da baƙi, gidan ya riƙa tsufa fiye da kima. Da farko ya girmi zuwan Turawa. Bara ya girmi jihadi. Injiniya ya zama ɗan sarkin da 'yan'uwansa suka kora, ya ratso Sahara bisa raƙumi rungume da dutsen ƙofar kakansa. Ɗalibai suna zuwa daga Gusau da Sakkwato, angwaye da amare suna zuwa ɗaukar hoto, mata suna sayar da fura da ƙosai, 'yan kabu-kabu suna samun fasinja. Babu wanda ya ga dalilin gyara wa Zubairu lissafi.

Kafin azahar an samo ɓarawo, don samun ɓarawo ya fi samun dutse sauƙi. Bakin ƙofar cike yake da sawun shanu, shanu kuwa na Ɗantala ne, makiyayin da rugarsa ke bayan tudun tun zamanin mahaifinsa. 'Yan sa-kai suka ɗaure shi a zauren Maigari, suka ce in rana ta faɗi ran Talata dutse bai fito ba, za su je su binciki rugar da kansu. Kowa ya san irin wannan binciken. Da ashana ake fara shi.

Maigari Yari ba ya son hayaƙi a ƙasarsa, musamman wanda za a hango daga Mafara. Sai ya buga waya Bakura ya kira Balarabe mai bin sawu.

*

Balarabe tsohon mafarauci ne da namun daji suka ƙare masa, ya koma bin dabbobin sata daga Mafara har Maradun. Mutum ne mai ji da kansa, kuma ra'ayinsa game da ɗan Adam gajere ne: baki yana ƙarya, ƙafa ba ta iya ba. Ya iso da hantsin Lahadi bisa tsohon babur ɗinsa.

"Ranka shi daɗe, mun iske ku lahiya?"

"Lahiya lau, Sarkin Sawu. Ya hanya? Ya mutanen Bakura?"

"Suna gaisuwa. Ya jama'a? Ya wanga tashin hankali?"

"Sai godiya. Ya gajiya?"

Suka yi ta juya gaisuwar har ta laushi, sannan Maigari ya rage murya. "Balarabe, ni ba dutsen ya dame ni ba. Yaran nan ne. Sun daɗe ba su sami abin yi ba."

A bakin Gidan Taliya suka iske Zubairu zaune ya rafka tagumi, idanunsa jajur. Da ya ga baƙo sai bakinsa ya kama aiki da kansa. "Wanga gida da kake gani, ɗan sarkin Taliya ya gina shi, lokacin da ya ratso hamada bisa…"

"Zubairu, durƙusar da raƙumin nan shi huta," in ji Balarabe. "Da jakin babana na kawo yashin ginin ga. Kai kana riƙe wa Bature butar shayi."

Zubairu ya haɗiye sauran. "To ai sabo ne."

Balarabe ya sa aka kawo tsani ya hau ya duba ramin. An bi gefen dutsen da kurfi a hankali, an cire sumunti kaɗan-kaɗan, ko ɓalli ɗaya babu a ƙasa. Ya sauko ya tsuguna. Sawun shanun ba na wucewa ba ne. Sun taru wuri ɗaya, kofato bisa kofato, kawunansu duk a tsakiya, ƙasar wurin kuwa ta yi sumul kamar an lashe ta. Ya dangwali ƙasar ya kai baki, ya tofar.

"Mi ka gani?" in ji Maigari.

"Na ga shanu."

Bai ce ya ɗanɗani kanwa ba. Bai kuma ce a can gefe, inda kofato bai kai ba, ya ga layin taya ɗaya da ta nutse da nauyi, sawun baro, ya bi bayan gini ya hau falalen dutse ya ɓace. A Tungar Lebura, garin da leburori suka kafa, gidan da babu baro bai cika gida ba.

"Wa ka zargi, Zubairu?"

"Ni ban son ɗaukar alhaki. Amma Malam Khalifa ya sha cewa hoton nan gunki ne. Ga Yasir ɗan gwangwan, wanda ko ƙofar masallaci ya gani sai ya auna ta da ido. Ga kuma…" Ya nuna bayan tudu da leɓe.

Balarabe ya lura cewa ga mutumin da ba ya son ɗaukar alhaki, Zubairu ya ɗauki uku a numfashi ɗaya.

*

Ɗantala yana jingine da bangon zaure, hannuwansa ɗaure a gaba. Siririn mutum ne mai kamar shekara arba'in. 'Yan sa-kai suna zaune a ƙofa da bindigoginsu na gida, suna cin gyaɗa.

"Sannu Ɗantala."

"Yauwa Baffa. Sannu da zuwa."

"Mi ya kai shanunka ƙofar gidan nan?"

"Su sunka kai kansu. Da sahe na kora su zuwa ruwa kamar kullum. Muna zuwa gindin tudu sunka ɗaga hanci sunka haye. Na yi duka, na yi kira, sunka ƙi. Ina zuwa na iske suna lasar ƙasa."

"Kai ka zuba musu kanwa?"

Ɗantala ya dube shi kamar an zage shi. "A ƙasa? Baffa, kanwa saye nike. A kwami muke ba su. Wanda ya zuba kanwa a ƙasa ba shi da saniya."

"Ka ga dutsen a lokacin?"

"Ban ɗaga kai ba. Mi zan yi da dutse? Mu da ko gado ba mu son mai nauyi."

Wani cikin 'yan sa-kai ya yi dariya daga ƙofa. "Ka ji shi! Sai ka ce waliyyi. Sayar da shi za ka yi ga mutanen daji."

"Mutanen daji sun koma tara kayan tarihi?" Balarabe ya tambaya ba tare da ya juya ba. Babu wanda ya sauya ra'ayi. Yana shirin tashi Ɗantala ya ce a hankali, "Baffa, uwata tana ruga, ba ta iya tahiya. In za su zo, a faɗa min da wuri a ɗauke ta."

Balarabe ya fita. Ya riga ya san abu ɗaya: wani ne ya gayyaci shanun nan su share masa sawu. Amma sanin mai bin sawu ba ya kashe ashana. Sai an ga dutse.

*

Litinin ta tafi a banza, kuma laifin Balarabe ne, ko da yake ba zai taɓa yarda ba. Ya sake tsintar sawun baro a ƙasan falalen, ya bi shi cikin gonakin albasa yana taƙama, jama'a na biye da shi, har ƙofar gidan Malam Khalifa. A nan sawun ya ƙare, a gindin tulin taki.

Malam Khalifa matashi ne mai digiri, yana koyarwa a sakandaren Mafara, yana wa'azi a Tunga. Ya fito yana gyara tabarau, ya dubi taron, ya dubi takin.

"Baba Balarabe, in taki anka sace, ga shi nan. Nawa ne, amma ku ɗiba."

Suka keɓe a inuwar darbejiya.

"An ce ka ce hoton gunki ne."

"Na ce yin layi ana shafa shi don neman sa'ar jarrabawa shirme ne. Har gobe ina nan a kai. Amma Baba, ka san mu. In da ni zan kawar da shi, da rana zan yi, bayan Juma'a, da lasifika, da mai ɗauka a waya. Mi ye amfanin aikin lada babu shaidu?"

Balarabe ya ga gaskiyar wannan. "Wa ya zo gidan kwanan nan?"

"Ɗalibai daga Gusau, ran Alhamis. Akwai wata Amatullah cikinsu, mai baki. Ta tsaya ƙarƙashin ƙofa ta daɗe tana kallon dutsen, sai ta fashe da dariya. Ban ji abin da tac ce ba, ina nesa. Na dai ji ta ce za ta dawo da malaminsu na tarihi da 'yan gidan talabijin. Mata sunka yi ta murna, za a sayar da fura."

"Zubairu fa?"

"Ya sallame su da wuri, ya ce kansa na ciwo."

Balarabe ya koma masauki yana saƙa wata sabuwar ƙarya ga kansa: wataƙila yarinyar ta gane dutsen mai tsada ne, ta turo dillalan kayan tarihi. In haka ne dutse ya bar ƙasar Zamfara, rugar Ɗantala kuwa sai addu'a. Saura Yasir ɗan gwangwan, shi kuwa ba a kama shi zaune sai ranar kasuwa.

*

Kasuwar Mafara ran Talata ba wurin mai bin sawu ba ce. Ƙafa dubu bisa ƙafa dubu. Ya iske Yasir a rumfarsa tsakanin tsofaffin injinan ban ruwa da ƙarafan gado, yana faɗa da sikeli.

"Dutse?" in ji Yasir. "Baba, ka raina sana'ata. Ni ƙarfe nike saye, da dalma, da jan ƙarfe. Da ƙofar gidan ce anka sace, wallahi da ni ma na zargi kaina. Na daɗe ina kallonta."

"Babu mai neman irin dutsen a kasuwar nan?"

"Wa zai saye? Ba a niƙa da shi, ya yi santsi. Ba a wasa wuƙa da shi. Sai dai ka kwanta bisa in zahi ya dame ka."

Balarabe ya fito rana ta take tsaka, ransa a ɓace. Likita ya hana shi zaƙi, matarsa kuma ta ɗauki hanin kamar aya. Saboda haka duk lokacin da ransa ya ɓaci kuma yana nesa da Bakura, yakan nemi teburin mai alewa. Ya tsaya gaban wani dattijo ya zaɓi yankan alewar madara guda, ya kai baki. Harshensa ya ji tudu-tudu a ƙasanta. Ya fito da ita ya juya.

A bayan alewar akwai layi mai hawa da sauka, kamar haƙoran soro.

Ya ɗauki wata. Wannan tana da rabin taga. Wata kuma tana da ƙafar harafi.

"Malam, in ba saye za ka yi ba ka daina juya min kaya," in ji mai tebur.

"Wa ke yin wagga?"

"Adda Nagode ta Tungar Lebura. Wanga mako har ado tas sa musu. Kuma ka ji yadda ta daskare? Da tata takan yi danƙo."

Balarabe ya saye farantin gaba ɗaya. Ya zauna a bayan rumfa ya kife yankan ɗaya bayan ɗaya bisa farantin, yana gwada wannan da wancan, masu wucewa suna cewa tsufa ya zo wa bawan Allah da wuri. Wasu yankan an riga an sayar, an cinye. Amma abin da ya rage ya isa. Hasumiyar Gidan Taliya ta tashi a gabansa, fara sol, da madara da sukari.

*

Adda Nagode yayar Zubairu ce, gwauruwa, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Idonta ya yi rauni, bakinta bai yi ba. Ya iske ta a madafi tana juya tukunya, ga farin dutsen bisa tubala, an shafe shi da mai yana ƙyalli.

"Sannu da aiki, Adda."

"Wa ke nan? Balarabe na Bakura? Ashe kana da rai. Ya iyali? Ya mai hana ka zaƙi?"

"Tana lahiya. Adda, ina kinka samu wanga abin?"

"Allah ya ba ni. Na shiga tsohon rumbu neman murhin tukunya, na iske shi lulluɓe da buhu. Na shafa na ji sanyi. Na ce kai, shekara da shekaru ina zuba alewa bisa tire tana manne min, ashe magani na cikin rumbuna. Na sa mai ruwa ya kama min munka fito da shi. Bayan nasa duk sumunti ne, sai na juya gaban."

"Ba ki ji ana cigiyar dutsen Gidan Taliya ba?"

"Na ji. An ce dutsen tarihi ne na ɗan sarki, an ce Fulani sun tahi da shi daji. Mi ya haɗa shi da abin rumbuna? Ni ban taɓa hawa tudun nan ba tun da Bature ya tashi. Tarihi na baƙi ne."

"Wa ke shiga rumbun ban da ke?"

"Wa kuwa? Zubairu. Shi ke aje tarkacensa ciki. Ran Juma'a ma ya ari barona, ya kuma kwashe min kanwa rabi, wai cikinsa ke ciwo. Na ce wanga ciki ko na raƙumi."

Balarabe ya zauna bisa turmi. "Adda, in kin gama wagga tukunya, za mu fita da ke da dutsen."

"Da sharaɗin a maido min."

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar Maigari. Aka fito da Ɗantala da igiyarsa. Malam Khalifa ya zo, Yasir ya biyo motar kasuwa don kada a yi ba shi, Zubairu ya zauna kusa da Maigari inda masu asara ke zama. 'Yan sa-kai suna tsaye a baya suna duban rana, suna duban juna.

Balarabe bai yi jawabi ba. Ya ɗauki farantin ya zagaya, ya miƙa wa kowa yanka ɗaya, har 'yan sa-kai.

"Sadaka ce?" in ji Yasir.

"Kada kowa shi ci. Ku juya ta."

Aka juya. Sai wani ya ce, "Ni taga ce a tawa." Wani ya ce, "Tawa haƙora." Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai, wanda ya riga ya cinye tasa, ya daina tauna.

Sai ga ƙarar baro. Mai ruwa ne ke turawa, Adda Nagode na biye tana yi masa faɗa kada ya fasa mata. Aka yaye buhu.

Zubairu ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Malam Khalifa," in ji Balarabe, "haruffan nan na ƙasa, mi sunka ce? Ni na ɗauka sunan Bature ne."

Malam Khalifa ya gyara tabarau. "Ba suna ba ne, Baba. Lambobin Rumawa ne. Shekarar da anka gama ginin. Alif ɗari tara da saba'in da bakwai."

"Ka daɗe da sani?"

"Tun ina aji biyu. Babu wanda ya tambaye ni."

"To yarinyar Gusau ta karanta ba a tambaye ta ba," in ji Balarabe, "kuma ta ce za ta dawo da malaminsu da talabijin. Ran Juma'a wani ya ari baro da kanwa a gidan Adda. Ya cire dutsen a hankali, kamar mai cire wa ɗansa ƙaya, don ba ya son shi fashe. Ya watsa kanwa a bakin ƙofa, don ya san hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa. Sannan ya ɓoye shi a rumbun tsohuwar da ba ta gani sosai. Ya manta tana da hannu."

Adda Nagode ta juya inda take jin numfashin ƙanenta. "Zubairu? Kai ne ɓarawon? Da kanwata?"

"Ba sata ba ce, Adda! Ajiya ce!" Zubairu ya juya ga Maigari. "Ranka shi daɗe, in sun tahi zan maida shi. Yarinyar nan ta yi min dariya gaban mutane, ta ce ɗan sarkina ya zo da raƙumi a shekarar da anka haifi babanta. In anka sa wanga a talabijin wa zai ƙara zuwa? Ba ni kaɗai ke ci ba. Duk wanda ke nan ya ci da gidan ga!"

"Shanun fa?"

"Sawu kawai nike son su share. Ban yi zaton za a kama shi ba."

"Da anka kama shi fa? Tun Asabar bakinka na ina?"

Zubairu ya dubi ƙasa.

Abin da ya biyo baya bai ba Balarabe mamaki ba, don ya daɗe a duniya. Gunagunin da ya tashi ba na igiyar hannun Ɗantala ba ne. Na shekarar ne. Wata mai fura ta ce ai Malam bai kamata ya karanta da ƙarfi ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ko za a iya goge haruffan. Maigari ya yafito Balarabe kusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sarkin Sawu, aikinka ya yi kyau. Amma Zubairu dattijo ne, kuma abin ya shafi gari. Mi zai hana a ce an tsinci dutsen a daji, ba a san wanda ya yar ba? A saki wanga, kowa shi huta."

"A daji, ranka shi daɗe? Wane dajin? Na bayan tudu?"

Maigari ya kau da kai.

"In anka ce daji, ko yaro ya san wa ake nufi. Yau ku sake shi, wata mai zuwa akuya ta ɓace, a tuna dutse." Balarabe ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Kuma an makara. Rabin alewar nan tana cikin mutanen kasuwar Mafara, mai tebur kuwa ya ga abin da na haɗa. Kun san bakin mai tebur."

Maigari ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka tilasta wa adalci. Ya sa aka kwance igiyar. Ya ce gobe da hantsi Zubairu zai tura dutsen da kansa ta tsakiyar gari ya mayar, kuma Malam Khalifa zai faɗi gaskiyar magana ran Juma'a. Adda Nagode ta ce ita ba ta yarda ba sai an biya ta da wani. 'Yan sa-kai suka saɓa bindigoginsu suka watse da fuskar waɗanda aka soke musu biki.

"Ɗantala, sai haƙuri," in ji Maigari. "Kuskure ne. Ka yafe wa jama'a."

Ɗantala ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Ya dubi mutanen da suka sha nonon rugarsa tun yana goye, ɗaya bayan ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai ƙirga shanu.

"Na yafe, ranka shi daɗe," ya ce. Ya juya ga Balarabe. "Baffa, Allah shi saka." Ya tafi.

*

Washegari Zubairu ya tura baro ta tsakiyar gari, kuma kafin ya kai tudu ya fara gwada wa masu rakiya wani sabon labari, cewa shekarar da ke jikin dutsen ta gyaran ginin ce.

Balarabe ya ɗaure jakarsa a babur, sannan ya ga ya kamata ya zagaya ya gaida tsohuwar da ba ta iya tafiya. Ya bi bayan tudu. Rugar tana nan, ba a ƙone ko kara ɗaya ba. Bukkokin ne kawai babu kowa ciki, tokar murhu ta huce, turakun maruƙa tsaye babu igiya.

Ya tsuguna, don sabo. Shanu sun fita a jere, ba a guje ba. Ga ƙafafun mata da na yara. Ga jaki da ya nutse da nauyin mutum, ga sawun namiji a gefensa yana tafiya daidai da shi. Sun miƙa wajen Maradun. Babu inda sawun namijin ya tsaya ya juya.

Yana nan tsugune Maigari ya iso da mutum biyu, yana haki. Mata sun je sayen nono sun dawo da ƙwarya wayam, ga baƙi ana sa ran zuwansu.

"Sarkin Sawu, ba su yi nisa ba. Bi su ka ba Ɗantala baki shi dawo. Ai an wanke shi, mi kuma yake so?"

Balarabe ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Ranka shi daɗe, ni sawun ɓarawo nike bi."

Ya tada babur ɗinsa ya kama hanyar Bakura.